Kankare tsohon fenti daga barandar katako: wane inji ya dace da aikinka?

Duk wanda ya sayi gida a unguwannin bayan gari na Amurka ko Kanada, da wuya bai tarar da barandar katako a bayan gidan ba. Dandamali ne na filankai a kan ginshiƙai, ba rufi a samansa: rana ta doke shi, ruwan sama ya jiƙa shi, ƙanƙara ta kwanta a kansa wata da watanni. Mu da muka tashi muna hira a kan dakalin siminti, wanda ba ya neman komai a wurinka sai shara, abin yakan zo mana a baƙo. Idan kuma tsohon mai gidan ya yi kuskuren shafa masa fenti, ba a daɗewa sai ka ga ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, nan ya tashi, can ya manne kamar da shi aka halicci katakon.

Abin da ke jawo haka shi ne kwanciyar katakon. Ƙofa da taga a tsaye suke, ruwa na zuba yana gangarewa. Filankin baranda kuwa a kwance yake, danshi yana shigarsa ta ƙasa, ta baki, da ta ramukan ƙusa. Rana na fitowa danshin ya nemi hanyar fita, ya tarar fenti ya rufe sama, sai ya ɗaga shi. Shi ya sa shafa sabo a kan tsoho ba ya magani. Dole a sauke tsohon, kuma a nan ne mutum ke shiga kantin kayan aiki ya tsaya yana kallon injuna iri shida, kowanne kwalinsa na rantsuwa shi ne maganin.

Ra'ayina tun farko: babu inji ɗaya da zai gama aikin nan shi kaɗai. Ga yawancin barandu, giranda mai faifan da ya dace ce za ta sauke fentin, ƙaramin injin sanfefa mai zagaye ya gyara bayanta. Sauran injunan kowanne yana da ranarsa, amma ranar ba kullum take zuwa ba.

Abin da za a sani kafin a kunna komai

Akwai tambayoyi biyu da ke iya soke rabin zaɓin, kuma ba a ganin amsarsu da ido.

Ta farko, shin akwai dalma a cikin fentin? Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidajen zama a 1978, don haka duk gidan da ya girmi wannan shekara abin zargi ne, musamman matakala, ginshiƙai da shingen gefe, waɗanda sukan daɗe ba a canja su ba. Bahaushe ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan dalma. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Can dutse aka niƙa, nan fenti za ka niƙa, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki. Tun daga 2010 dokar hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana 'yan kwangila goge irin wannan fenti da inji sai in an haɗa shi da murfi da injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wadda ke tare ƙura mafi laushi. Dokar ba ta hau kan mai gida da ke aikin kansa ba, sai dai ƙurar ba ta tambayar wa ya tayar da ita. A yanki fentin har zuwa katako, a gwada ko akwai dalma a duk shimfiɗun da ke jere, ba na sama kaɗai ba.

Ta biyu, da me aka jiƙa katakon? Daga shekarun 1970 har ƙarshen 2003, yawancin katakon baranda a Amurka ana dura masa wani maganin gara da ruɓa mai suna CCA, wanda ya ƙunshi sinadaran kuromiyam da jan ƙarfe da arsenik. An daina sayar da shi don gidajen zama daga ƙarshen 2003, amma barandun da aka gina da shi suna nan da yawa. Idan ka leƙa ƙasan filanki ka ga launin kore-kore, kuma barandar ta girmi 2004, ɗauka shi ne. Goge shi da inji yana tayar da ƙurar arsenik, ƙona guntayensa kuma ya fi muni, domin tokar guba ce. Kada garinsa ya je kusa da lambun alayyafo ko kajin gida.

In ɗaya daga cikin biyun nan ya tabbata, duk injin da ke watsa busasshiyar ƙura ba tare da mazuƙi ba ya fita daga lissafi.

Sai batun ƙusoshi, wanda kowa ke rainawa. Ɗauki baranda mai mita 4 a faɗi, 5 a tsawo. Filanki ɗaya faɗinsa kamar santimita 14 ne, don haka za ka sami layi 27 ko 28. Katakan da ke ɗauke da su a ƙasa ana jera su ne kowane santimita 40, kowace mahaɗa kuma ƙusa biyu ko sukuru biyu. Ka lissafa: sun haura 700. Kowane ɗaya da ya leƙo sama zai yaga sanfefa, ya fasa haƙorin inji, ko ya yi tartsatsi a cikin garin katako. Dole a bi su ɗai-ɗai a nutsar da su kamar milimita 3 ƙasa da fuskar filanki. Yini guda ne cur, ba kuma injin da zai ɗauke maka shi.

Injin feshin ruwa

Shi ne irin wanda masu wankin mota ke amfani da shi, kuma shi mutane suka fi fara ɗauka, saboda a tsaye ake aikinsa, ba durƙuso, ba ƙura. Kallon fenti yana tashi a gaban ruwa akwai daɗi, ban musa ba. Matsalar ita ce ƙarfin da zai iya ɓamɓare fentin da ya kama sosai ya wuce ƙarfin da katako zai jure. Katako mai taushi kamar fayin da sida ana so a tsaya tsakanin 500 zuwa 1,200 a ma'aunin ƙarfin feshi na psi, alhali injunan mai da ake haya sukan kai 3,000. Jikin irin wannan katako layi-layi ne, wani mai tauri wani mai laushi. Ruwa mai ƙarfi yana kwashe mai laushin ya bar mai taurin a tsaye, sai filanki ya koma kamar allon wanki, da gashi-gashi da sartse masu shiga ƙafar yaro.

Bakunan feshin launi-launi ne: ja yana harba ruwa a tsinke ɗaya, ruwan ɗorawa yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40. Ja kada ya kusanci katako ko da wasa, rubutu yake yi a jikinsa. Da kore ko fari ake aiki, ana bin tsawon filanki, ba a tsayawa wuri ɗaya, bakin yana nesa da katako kamar taƙi ɗaya da rabi. A haka zai kwashe abin da ya riga ya saki, ya bar wanda ya manne. Sannan ya cika katakon da ruwa, sai ka jira kwana biyu ko fiye na rana kafin sanfefa ta taɓa shi. Idan kuma fentin mai dalma ne, ka watsa ɓarɓashinsa cikin ciyawa inda ba mai iya tsince shi.

Inda yake da amfani na gaske shi ne idan an haɗa shi da maganin narkar da fenti. A shafa maganin, a bar shi ya jiƙa, a ɗauraye da ruwa mara ƙarfi. Magungunan baranda da yawa soda ce a cikinsu, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Tana cin fenti mai mai da siririn launi, amma ba ta cika iya kaurin fenti mai roba ba, tana ƙona fata, tana kashe shuke-shuke, kuma tana baƙanta katako har sai an bi ta da ruwan asid na okzalik ya dawo da haskensa. Tsohon maganin nan mai tsananin ƙarfi, mai sinadarin metilin kulorayid, an hana sayar wa jama'a shi a Amurka tun 2019 saboda ya kashe mutane a ɗakuna marasa iska. In ka tsinci tsohon gwangwaninsa a garejin gidan, kada ka ce ka yi tsuntuwa.

Giranda

Ita ce dai wadda ka sani a hannun mai walda, mai faifan inci 4 da rabi, wato milimita 115, tana juyawa kusan sau 11,000 a minti. Ba a ƙera ta don katako ba, shi ya sa komai ya dogara ga faifan da ka ɗaura mata.

Faifan sanfefa mai ganye-ganye, wanda ake gyara bakin walda da shi, yana da arha kuma yana ci da sauri, amma gudun yana ɗumama fenti ya narke, ya toshe faifan kamar cingam. Da zarar ka ɗan karkata hannu kuma ya bar maka tabo mai siffar jinjirin wata, wanda ba za ka gan shi sosai ba sai ranar da ka shafa man katako, ya fito fili yana maka dariya. Buroshin waya ya fi wannan ɓarna: yana yagar katako, wayoyinsa suna tsinkewa su yi ta harbi, kuma guntayen ƙarfen da suka maƙale suna yin tsatsa su bar ɗigo-ɗigon baƙi. Wannan na ƙarfe ne, a bar wa ƙarfe.

Faifai biyu ne suka cancanci kuɗinsu. Na farko shi ne mai kama da soson roba mai tauri, baƙi ko shuɗi ko ruwan hoda mai duhu, da ramuka a jikinsa. Ramukan suna barin fenti ya fice maimakon ya toshe, kuma ba ya cin katako sosai. Laifinsa saurin ƙarewa, musamman a gefen filanki da kan ƙusa, don haka a babbar baranda za ka sayi da yawa. Kamfanin Wagner yana da wani inji mai suna PaintEater da aka gina a kan irin wannan faifai, gudunsa bai kai na giranda ba, ya fi sauƙin riƙewa ga wanda bai saba ba, amma ya fi dacewa da bango da ƙananan wurare. Na biyu shi ne faifan ƙarfe mai 'yan faranta da aka lulluɓe da garin lu'ulu'u, irin na Diamabrush. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ba ya toshewa, yana daɗewa, kuma shi ne kusan abu ɗaya da na ga yana sauke kaurin fentin nan mai yashi-yashi da ake sayarwa da sunan sabunta tsohuwar baranda. Wanda ya gaji irin wannan fenti ya san abin da nake nufi: sanfefa na taɓa shi take mutuwa.

Farashin giranda a jikinka ake biyansa. A durƙushe ake aikin, layi 28 na mita biyar-biyar, wato kusan mita 140 na rarrafe, hannu yana karkarwa, kunne yana amo. Ƙurarta ta fi ta kowane inji yawa, don haka murfin zuƙe ƙura da ake ɗaura mata ba ado ba ne. A riƙe ta da hannu biyu, faifan a kwance, a bar nauyinta ya yi aikin, kada a cire mata garkuwa. In za ka saya sabuwa, nemi mai maɓallin rage gudu. Fuskar da take bari kuma ba gamammiya ba ce, akwai zagaye-zagayen da sai an bi su da sanfefa.

Dangin sanfefa

Injin sanfefa mai bel yana ci a miƙe, yana bin tsawon katako, don haka ba ya barin zagaye. Bel mai faɗin inci 3 bai rufe filanki ba, sai an bi sau biyu, kuma idan ka tsaya ko daƙiƙa biyu ya haƙa kwari. A kan siririn fenti da ya bushe ƙayau, da bel mai lamba 36 ko 40 (lambar kaushin sanfefa ce, ƙaramar lamba ta fi kaushi), yana da kyau ƙwarai. A kan fenti mai kauri ko mai roba kuwa za ka yi ta canja bel har ka fara lissafin kuɗin da ya tafi.

Ƙaramin mai zagaye, na inci 5, wanda ke juyi yana karkarwa lokaci guda, shi ne mafi lafiya a cikinsu. Da wuya ya ɓata katako ko a hannun ɗan koyo. Amma wanda ya ce zai sauke fentin baranda gaba ɗaya da shi, kaka za ta riske shi bai kai rabi ba. Aikinsa gyara ne: share tabon giranda, kwantar da gashin da ruwa ya tayar, da bin saman shinge inda hannu ke taɓawa. A ƙasan baranda a tsaya a lamba 60 ko 80. Kafintan da ya saba da kujera da kabad zai so ya kai 180, amma a nan santsi ya yi yawa yana hana mai shiga katako, kuma yana sa a zame ranar ruwa.

Akwai kuma manyan injunan daɓe da ake haya na yini. Mai ganga, wanda ake gyara daɓen katako na cikin ɗaki da shi, yana da sauri sosai kuma a tsaye ake tura shi. Sai dai an yi shi ne don daɓe mai baje ɗaya. Filankan waje sun sha rana da ruwa, sun lanƙwashe kamar kwami, wasu gefensu ya ɗaga, wasu tsakiyarsu. Gangar za ta aske tudu ta tsallake kwari, kafin ka kai ga fentin da ke kwarin ka cinye katako mai yawa, alhali kaurin filankin duka kamar santimita biyu da rabi ne. Mai faffaɗan faranti mai karkarwa ya fi shi sauƙin kai, ba ya haƙa rami, amma shi ma gyara ya fi iyawa. Idan barandar babba ce, filankanta sababbi-sababbi kuma a miƙe, hayar ɗayansu tana da ma'ana. In tsohuwa ce mai lanƙwasa, kuɗin hayar da wahalar ɗora shi a mota sun tafi a banza.

Mai aski da mai zafi

Akwai injin da ba ya gogewa, askewa yake yi da 'yan wuƙaƙe masu tauri, kamar Metabo LF 724 na Jamus ko Paintshaver na Amurka. Ana saita zurfin askin, a Metabo bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba a bi ɗaya. Ɓarɓashi yake fitarwa maimakon lallausar ƙura, kuma an yi shi don a haɗa da mazuƙi, shi ya sa masu gyaran tsofaffin gidaje masu fentin dalma ke son sa. Yana da tsada, kuma kan ƙusa ɗaya ya isa ya fasa wuƙa. Ga mai baranda ɗaya bai cancanci saye ba. Ga wanda ya mayar da wannan aiki sana'a, yana mayar da kuɗinsa.

Bindigar iska mai zafi da makankari ba na faɗin baranda ba ne, na lungu ne: sandunan shinge, ƙarƙashin matakala, kusurwar da faifai ba ya shiga. A kula da busassun ganyen da suka cushe tsakanin filankai, suna iya kama wuta a ɓoye su ci a hankali bayan ka shiga ɗaki. A fentin dalma, dokar da na ambata ta hana 'yan kwangila wuce digiri 1,100 a ma'aunin Faranhait, kusan 590 a Salshiyos, ta kuma hana harshen wuta gaba ɗaya. Na'urar zafin infirared, irin Speedheater ta Suwidin, tana laushin fenti a zafin da bai kai haka ba, ba ƙura, sai dai tafiyar hawainiya.

To wanne?

Tambayi kanka abin da za ka shafa bayan an gama, domin shi ne ke yanke yawan wahalar. In fenti za ka sake shafawa ko launi mai rufe katako ruf, ba sai ka kai ga tsirara ba: kwashe abin da ya saki da ruwa mara ƙarfi da makankari, ka daidaita bakin wanda ya manne da ƙaramin inji mai zagaye, shi ke nan. Ka dai sani bayan 'yan shekaru za ka dawo. In kuwa mai kake so, irin mai shiga jikin katako wanda ba ya ɓarewa sai dai ya koɗe, to ko ɗigon fenti ɗaya ya rage zai hana shi shiga, kuma za a gani. Wannan aikin giranda ne da faifan soso idan fentin siriri ne, faifan lu'ulu'u idan mai kauri ne, sannan lamba 60 ko 80 a bi baya. Ni na fi karkata nan, don wahala ce ta sau ɗaya. Gyaran gaba wanki ne kawai da sabon shafi.

Fentin da ke cikin tsagar filankai, tsakanin wannan da wancan, babu injin da ke kai masa da kyau. Ko ka bi shi da siririn makankari, ko ka yi masa afuwa. Yawancin mutane afuwa suke yi.

Wani zaɓin da kantin injuna ba zai faɗa maka ba: idan da sukurori aka ɗaure filankan, kwance ɗaya ka juya shi. Sau da yawa cikinsa bai taɓa ganin fenti ko rana ba, wanki da 'yar sanfefa kawai yake so. In kuma ka soka sukudireba ta nutse cikin katakon kamar cikin dafaffen rogo, ruɓa ce, kuma ba a goge ruɓa, canjawa ake yi. Haka tsohuwar barandar CCA mai fentin da ake zargi: sau da yawa sauke filankan a kai su inda hukuma ta tanada, a sa sababbi, ya fi niƙa guba biyu a bayan gidan da yara ke wasa.

Kowanne ka zaɓa, takunkumin fuskarka ya zama mai matata lamba P100, ko P3 a Turai, ba ƙyallen asibiti ba. Garin katako zalla ma, ba tare da fenti ba, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ke haddasa sankarar hanci. A sa tabarau da abin toshe kunne, a shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin barandar, a rufe tagogi, a cire kayan aiki a waje kafin a rungumi yara. Tsummokaran da aka goge man katako da su kuma kada a dunƙule su a kwandon shara, suna iya ɗumama su kama wuta da kansu. A baza su su bushe, ko a nutsar da su a bokitin ruwa.

Kafintoci da masu fenti na gida da ke sabunta tsofaffin ƙofofi, bencin makaranta ko rumfar katako, injunan nan ɗaya ne, hukuncinsu ma ɗaya ne, illa abu biyu. Injin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka na wutar lantarki mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230, in aka soka shi kai tsaye ba taransifoma zai ƙone nan take. Ƙaramin janareta kuma, wanda bai kai wat 1,000 ba, zai iya jan ƙaramin injin sanfefa, wataƙila da ƙaramar giranda, amma bindigar zafi mai cin wat 1,500 zuwa 2,000 za ta durƙusar da shi.

Kafin ka biya kuɗin komai, zaɓi filanki biyu, ɗaya a inda rana ta fi duka, ɗaya a inuwar jikin bango inda fentin ya fi kamawa. Ari giranda, sayi faifan soso ɗaya, ka goge mita ɗaya a kowanne kana duba agogo. Ninka mintocin wurin inuwar da 140, ka ga ko ranakun hutun da kake da su za su ɗauka.